Cizon kare a Adjame da Treichville: Alhakin mai kare da iyakar kare kai ga mai keke

Duk wanda ya san birnin Abijan ya san cewa kasuwa ba ta jiran fitowar rana. Tun kafin a kira assalatu, hanyar da ta taso daga Adjame ta ratsa Plateau ta haye gada zuwa Treichville takan fara motsi da masu neman abinci, kuma da yawa daga cikinsu a kan keke suke. Akwai masu rarraba burodi ga masu shayi, akwai masu garba da ke sammako zuwa tashar jiragen kamun kifi domin sayo kifin da za su soya, akwai masu gadi da suka kwana a bakin aiki suna komawa gida, ga kuma yaran shago da ake aika tsakanin sito da rumfa. Ba kaɗan ba daga cikin waɗannan bayin Allah 'yan uwanmu ne da suka zo daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Sakkwato, Katsina da Kano, waɗanda keken nan shi ne jarinsu, shi ne motarsu.

To sai dai wannan lokaci na tsakanin dare da asuba shi ne kuma lokacin da karnuka ke sake. Masu gidaje da masu sito sukan kwance su da dare domin tsaro, wasu kuma dama ba su taɓa sanin igiya ba. Sakamakon haka, cikin koke-koken da masu sauraro suka fi kawo mana a gidan rediyo har da batun kare da ya bi mai keke, ya cije shi ko ya kayar da shi cikin kwata tare da kayan mutane. Tambayoyin kusan guda biyu ne a kullum. Ta farko, wa zai biya kuɗin magani da asarar kaya? Ta biyu, idan mutum ya rama ya ji wa karen ciwo ko ya kashe shi, shin ya yi laifi?

Mun ga ya dace mu kawo bayanin a wannan shafi, domin ɗan kasuwar da ke Noe ko Wangolodugu ko Bonduku yau, gobe yana Adjame wajen sarin kaya, kuma yawanci yana da ɗa ko ƙane ko yaro da ke yawo da keke a cikin birnin.

Karnukan nan na wane ne?

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa Adjame na da mazauna sama da 340,000, Treichville kuma sama da 100,000, amma kowa ya san cewa da rana jama'ar da ke shiga Adjame ta ninka haka saboda kasuwar Forum, da kasuwar Gouro, da Black Market, da tashoshin mota. Inda jama'a suka taru suka ci suka sha, nan shara ke taruwa, inda shara ta taru kuma nan kare ke samun abincinsa. Ƙasusuwan da mahauta ke zubarwa, da kan kifi da hanjinsa da ake watsarwa a bayan rumfunan garba, da ragowar abincin gidajen haya, su ne ke riƙe da karnuka a unguwa.

Idan aka yi cizo, kalmar farko da ake ji ita ce karen ba na kowa ba ne. Amma binciken da masana suka yi a birane da ƙauyukan Afirka daban-daban ya nuna cewa mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo suna da masu su, ko kuma aƙalla suna da gidan da suke kwana da hannun da ke ba su abinci. Mu ma da muke zaune a waɗannan unguwanni mun san haka. Yaran layi sun san sunan karen, sun san ƙofar da yake shiga da hantsi. Ranar da ya kori ɓarawo yana da ubangiji, ranar da ya yagi ƙafar mai burodi sai ya zama maraya.

Don haka za a iya kasa su gida uku. Akwai karen gida ko na sito da ake saki da dare. Akwai karen unguwa da mutane da yawa ke ciyarwa ba tare da wani ya ce nasa ne ba. Sannan akwai baƙon kare da ya ɓato daga wani wuri, wanda ba wanda ya san tarihinsa, kuma shi ne ya fi zama abin tsoro ta fuskar cuta.

Abin da doka ta ɗora wa mai kare

Ƙasar Kwaddibuwa ta gaji kundin dokokin hulɗar jama'a, wato Code civil, daga Faransa, kuma har yanzu tana aiki da sashe na 1385 na wannan kundi. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin da abin ya faru, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace masa, ko ta tsinke ta gudu. Faransa kanta ta sauya wa sashen lamba zuwa 1243 a shekarar 2016 ba tare da ta taɓa ma'anarsa ba. 'Yan uwanmu na Nijar da Burkina Faso ma za su iske irin wannan sashe a dokokin ƙasashensu, domin tushen ɗaya ne.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, wanda aka ciza ba ya bukatar ya tabbatar da cewa mai karen ya yi sakaci. Ya isa ya nuna cewa karen wane ne, kuma shi ya jawo masa wannan rauni ko wannan asara. Uzurin da aka saba ji, na cewa igiya ce ta tsinke, ko yaro ne ya bar ƙofa a buɗe, ko karen bai taɓa cizon kowa ba sai yau, ba ya sauke wa mai shi nauyi. Masu iya magana sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Na biyu, ba sai haƙori ya shiga nama ba. Alal misali, a ce mai rarraba burodi yana tafe a kan Avenue 16, kare ya fito daga wani gida ya bi shi, ya kauce ya faɗa kwata, hannu ya karye, burodin mutane ya jiƙe, gaban keke ya lanƙwashe. Karen bai taɓa shi ba, amma shi ne sanadi, kuma ana iya neman diyyar duk waɗannan a wurin mai shi matuƙar akwai shaidun da suka ga yadda abin ya faru. Hasali ma, sau da yawa faɗuwar ta fi cizon muni, musamman a manyan hanyoyi irin su Nangui Abrogoua inda motocin gbaka da woro-woro ba su san birki ba.

Na uku, mai kare yana da ƙofar fita, amma ƙunƙuntacciya ce. Zai iya kuɓuta, ko a rage masa nauyi, idan ya tabbatar da cewa wanda aka ciza shi ya jawo wa kansa, kamar wanda ya tsokani karen da jifa yana kwance, ko ya haura katangar gida da dare, ko kuma wani ne can daban ya jawo abin ta hanyar da ba yadda za a yi ya hana. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Bugu da ƙari, bayan diyya akwai kuma fuskar laifi. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na ƙasar, wanda aka sabunta a watan Yunin 2019, ya tanadi hukunci a kan wanda ya jawo wa wani rauni ko mutuwa ta hanyar sakaci ko rashin kula. Wanda ya san karensa na cizo ya sake shi a kan hanyar jama'a yana iya samun kansa a ƙarƙashin wannan. Wanda kuwa ya cuna wa mutum kare da gangan, wannan ya yi amfani da shi ne kamar sanda ko wuƙa, kuma lamarinsa ya fi nauyi.

Ina matsayin mai gadi?

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin masu gadin sito da gidaje a Treichville mutanenmu ne, kuma akan haɗa su da kare a ce su riƙa kwance shi da dare. Idan karen ya yi ɓarna, wasu iyayen gida sukan yi maza su ce ai a hannun mai gadi yake. Fahimtar da masana doka suka tafi a kai ita ce, ma'aikacin da ke bin umarni kawai bai zama mai iko da dabbar ba, alhakin diyya yana nan a wuyan maigidan. Sashe na 1384 na kundin ma ya ɗora wa maigida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Amma wannan bai wanke mai gadi daga tuhumar sakaci ba idan shi ne ya bar ƙofa a wangale ya tafi shan shayi. Shawararmu ga duk mai gadin da aka ba kare ita ce, ya nemi ganin katin allurar karen tun ranar farko, ya kuma nace a kan a gyara ƙofa da shinge.

Iyakar kare kai

Yanzu sai mu juyo kan mai keke. Ba wata doka da ta ce mutum ya tsaya kare ya cinye shi. Masana doka sukan bambance abubuwa biyu. Idan mutum ne ya cuna maka kare, to kana kare kanka ne daga harin mutum. Idan kuwa karen ne ya taso da kansa, to abin ya shiga babin larura, wato halin da mutum ke aikata abin da a wani lokaci laifi ne, domin tsira daga haɗarin da ya taso masa. Dokar Kwaddibuwa ta san duka biyun, kuma sharuɗɗansu sun yi kama da juna: haɗarin ya zama babba ne kuma yana gabanka a wannan lokaci, babu wata hanyar kauce masa, sannan abin da ka yi ya zama daidai gwargwadon haɗarin.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda kare ya kama wa ƙafa, ya ɗauki famfon keke ko sanda ko dutse ya buge shi har ya sake shi, yana cikin hurumin doka ko da karen ya ji mummunan rauni. Haka nan wanda ya yi hakan domin ceton yaro ko wata mai talla. Amma wanda karen ya yi wa haushi daga nesa, ko ya bi shi ya gaji ya koma, sannan shi ya juyo ya bi shi da adda har ƙofar gida, wannan ya fita daga kare kai ya shiga ramuwa. Mafi muni shi ne wanda zai je gida ya kwana da fushi, gobe ya dawo da nama mai guba ya jefa. Dokar hukunta laifuffuka ta tanadi hukunci a kan wanda ya kashe dabbar gida, ko ya sa mata guba, ko ya azabtar da ita ba tare da larura ba. Ta haka mutumin da yake da gaskiya jiya sai ya wayi gari shi ake nema a ofishin 'yan sanda. Ban da haka, gubar da aka jefa a layi ba ta san kare ba, ba ta san akuyar maƙwabci ba, ba ta san yaron da ke wasa a ƙasa ba.

Muna kuma jan kunnen matasan da suka fara ɗaura wuƙa ko adda a jikin keke da sunan maganin karnuka. Baƙon da aka tare da asuba da makami a hanyar Plateau zai sha wahalar gamsar da jami'in tsaro cewa don kare ya riƙe shi. Sanda mara kaifi ko famfon keke sun wadatar.

Wani wurin da abin ke lalacewa shi ne bayan an rabu da karen, sai a koma kan mai shi. Zagi ya kawo mari, mari ya kawo taron unguwa, sai maganar kare ta zama maganar 'yan ƙasa da baƙi. Wanda ya zauna a wannan ƙasa a shekarun rikici, daga 2002 zuwa 2011, ya san cewa irin wannan wuta ba a wasa da ita. Dukan mai kare ba ya cikin kare kai, domin haɗarin ya riga ya wuce.

Abin da malamanmu suka karantar

Abin sha'awa shi ne, wanda ya yi karatun zaure zai ga cewa wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma ana ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron mahara. Amma a Muhtasar na Shaihu Halil an kawo cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai ji ba, to abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Kazalika an halatta wa mutum ya tunkuɗe dabbar da ta kawo masa hari, ko da raƙumi ne, kuma ba zai biya ba idan babu wata hanyar tsira sai wannan. A ɗaya gefen, addini ya hana azabtar da dabba, kuma kowa ya ji hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Darasin da ke cikin batun gargaɗi yana da amfani har a kotun zamani: idan akwai kare mai bin mutane a hanyarka, ka je da shaidu biyu ka faɗa wa mai shi cikin ladabi tun kafin a yi ɓarna.

Dabarun kan hanya

Ɗabi'ar kare ce ya bi abin da ke gudu, kuma ƙafar da ke juya feda ita ke ɗaukar idonsa. Keken da aka ɗora wa kwandon burodi ko daron kifi ba zai tsere wa lafiyayyen kare ba. Saboda haka masu horar da karnuka suna ba da shawarar a rage gudu, a sauka ta ɓangaren da karen ba ya nan, a sa keken a tsakani kamar garkuwa, sannan a ja da baya sannu a hankali ba tare da an ba shi baya ko an zuba masa ido cikin ido ba. Yawancin karnukan gida iyakar ƙofarsu suke karewa, da an fita daga yankinsu sai su koma. Kai masa shuri alhali kana kan keke kuskure ne babba, domin ka miƙa masa ƙafa, ka kuma rasa daidaiton keken. Idan ya nace sai ya kama wani abu, a miƙa masa jaka ko buhu. Idan kuma ya kayar da mutum, ya dunƙule ya rufe wuya da fuska da hannuwansa.

A yi hattara da karya mai jego, da kare mai cin abinci, da karnukan da ke tafe gungu. Karen da ake gani yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gamu da shi, yana tangaɗi ko bakinsa a sake, wannan a ba shi hanya nesa, a sanar da jama'a da hukuma.

Bayan cizo: a fara da sabulu

Duk wannan magana ta diyya ba ta da amfani ga wanda ya rasa ransa. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke yaudarar mutane shi ne cutar tana daɗewa a ɓoye, yawanci wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, mutum ya manta, sannan ta taso.

Matakin farko yana hannun kowa: a wanke raunin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada a zuba barkono, ko toka, ko man birki, ko gashin karen, kada kuma a yi gaggawar ɗinke wurin. Ko yakushi ne kawai, ko karen ya lashi wani tsohon miki, hukuncin ɗaya ne.

Mataki na biyu shi ne a nufi cibiyar allurar haukan kare a ranar. Mu a Abijan abin yana kusa da mu, domin cibiyar tana Treichville a ƙarƙashin Hukumar Tsabtar Jama'a ta Ƙasa da aka fi sani da INHP, wadda kuma take da rassa a garuruwa irin su Buwake, Korhogo, Man da San-Pedro. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake bi shi ne allura biyu a ranar farko, ɗaya a rana ta 7, ɗaya a rana ta 21. Akwai kuma tsarin allura biyar da ke kai wa rana ta 28. Idan raunin mai zurfi ne, ko a fuska ko wuya ko hannu yake, likita na iya ƙara wani ruwan magani na musamman da ake yi a cikin raunin kansa. Wannan allura tana da tsohon tarihi, domin tun watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da ita a Faris.

A nan ne 'yan kasuwa suka fi faɗawa tarko. Binciken da aka yi a cibiyoyin allura na ƙasar ya nuna cewa mutane da yawa suna farawa ba sa ƙarasawa, wasu saboda kuɗi, wasu saboda nisa. Fatake kuwa tafiya ke ɗauke su. An ciji mutum a Adjame ranar Litinin, ya yi allurar farko, ranar Alhamis motar kayansa ta tashi zuwa iyaka, shi ke nan. Wanda tafiya ta kama dole ya faɗa wa likita tun farko, ya riƙe katin allurarsa kamar yadda yake riƙe takardar kwastan, ya tambayi inda zai ƙarasa a garin da za shi. Wanda ya aiki yaro da keke aka cije shi, ya sani cewa yaron nan amana ne a hannunsa, ya biya masa allurar har ta ƙarshe kafin a zo maganar wa zai mayar da kuɗin.

Shi kuma karen, in da hali kada a kashe shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce mai shi ya kai shi wurin likitan dabbobi a sa masa ido na kwana 15, ana duba shi ana ba da takarda, domin karen da ke ɗauke da cutar a miyansa ba ya daɗewa bai nuna alama ba. Amma kada a jinkirta allura ana jiran sakamakon. Idan an riga an kashe shi, kada a jefar da gawar ko a taɓa ta da hannu tsirara, a sanar da ma'aikatan dabbobi domin a kai kan ɗakin gwaji na Bingerville a duba. Wanda ya kashe karen ya jefa shi a laguna ya ɓatar da shaidar likita, ya kuma ɓatar da shaidar kotu.

Yadda ake neman hakki

Bayan magani sai takardu. A karɓi takardar shaidar likita da ke bayyana raunin da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba. A adana rasiɗin allura da na kantin magani da na gyaran keke. A ɗauki hoton raunin da na karen da na ƙofar gidan da waya, a rubuta sunayen shaidu tun abin yana sabo. Da waɗannan ake zuwa ofishin 'yan sanda na yankin a shigar da ƙara, in ta kama a wuce kotun da ke Plateau. Sashe na 1385 bai tambayi ƙasar da mutum ya fito ba, baƙo da ɗan gari duk ɗaya ne a gabansa, don haka tsoron shiga ofis kada ya sa mutum ya haɗiye hakkinsa.

Duk da haka, mun san cewa yawancin irin wannan magana a zaure take ƙarewa, gaban sarkin Hausawa ko mai unguwa ko limami, kuma sulhu alheri ne. Abin da muke roƙon dattawanmu shi ne kada sulhun ya tsaya a kan a yi haƙuri. A sa sharuɗɗa uku a rubuce: mai kare ya biya allura har ƙarshenta, ya kai karen wurin likitan dabbobi, ya kuma ɗaure shi daga yau. Sulhun da aka yi a kan jaka biyar da goro, aka bar yaro ba allura, ba sulhu ba ne.

Idan kuwa karen ya tabbata ba shi da mai shi, babu wanda za a kama da diyya, sai dai a kai kuka ma'aikatar magajin gari, wadda kula da tsabta da lafiyar hanyoyi ke cikin aikinta. A nan ya kamata mu ma mu dubi kanmu. Mahautanmu da masu garba da masu tsire da ke watsar da ragowa a bayan rumfa suna kiwon karnuka ne ba tare da sun sani ba. Bokiti mai murfi ya fi sanda maganin kare.

Maganin da ya wuce na mutum ɗaya

Masana sun daɗe da tabbatar da cewa bin karnuka ana kashewa da guba ba ya kawar da cutar, domin wasu ne ke maye gurbinsu muddin abinci na nan. Abin da ke aiki shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura. An gwada haka a Njamena ta ƙasar Cadi a shekarun 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, kuma yaɗuwar cutar tsakanin karnukan birnin ta tsaya na tsawon watanni. Ƙasar Meziko kuwa ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar haukan kare. Burin da duniya ta sa a gaba shi ne a kai ga haka ko'ina nan da shekarar 2030, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka ware domin tunatarwa, inda ma'aikatan dabbobi kan fito da gangamin allura.

Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa a Adjame da Treichville suna tara kuɗin biki da na jana'iza da na kai gawa gida. Ba zai gagare su ba su ware wani abu domin allurar duk ɗan ƙungiyar da kare ya ciza, su kuma rubuta layukan da karnuka suka addabi masu keke su miƙa wa magajin gari da sunan ƙungiya, domin takardar da ke ɗauke da hatimi ta fi kukan mutum ɗaya shiga kunne. Duk mai sito da ya ajiye kare ya yi masa allura a kan lokaci, ya ɗaure shi kafin assalatu, lokacin da masu keke da masu zuwa masallaci ke fitowa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka.